Ɗan Rakiya a Layin Kurkunu

Ƙasa ba ta zama ƙasa da tuta, ko da taken da ƴan lakwal ke rerawa da safe, ko da hoton shugaba a bangon biro, wato ofis. Tana zama ƙasa ne ranar da mutanenta suka yarda cewa wanda ya riga zuwa shi ne na farko. Na karanta littattafai masu kauri a kan tashin dauloli da faɗuwarsu, na kuma koyar da guntayensu ga yaran da hankalinsu ke wurin fura, amma ban ga marubucin da ya ba layi haƙƙinsa ba. Ni kuwa na ga abin da ake iya yi da layi, a ƙofar gidan likita na Dakoro, kuma da hannuna aka yi.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Kumandan mai mulkin garin ya zama ɗan ƙasa, amma mutane ba su daina tuɓe takalmi ba in za su gitta ƙofarsa. Ni ina mushe a lakwal, wato malamin makaranta, an rufe mana don hutun damina. Daminar kuwa ta kurkunu ce.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, kuma ba na yi masu fatan sani. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tana shiga mutum ta ruwan tabki, ta yi shekara guda cikin jikinsa ba ta ce komai ba. Sai ta jira hatsi ya tsiro, haki ya taso, sannan ta huda ƙafa ta leƙo. Ba a fizgo ta. Ana naɗe ta ne a tsinke, yau kaɗan gobe kaɗan, mutum na kwance yana kallon rufin ɗaki. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, sai wanzami ya zo da ƙarfensa mai zafi ya yi sakiya. Warin da ke biyo baya ba na rubutawa ba ne.

Kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, yana wani ƙauye kusa da Birnin Lalle, kwance da kurkunu biyu, kowace ƙafa da tata. Mu a wajenmu da hauyar tsaye ake noma, mutum na tafe yana tura ta gabansa, saboda haka manomi marar ƙafa ba manomi ba ne. Ƴaƴansa mata duk sun yi aure, namijin ya tafi kudu cin rani ya manta hanyar dawowa. Gayya ba ta kiruwa, don rabin ƙauyen na kan tabarma. Lissafin bai da wuya: in bai miƙe cikin sati uku ba, haki ya cinye gonar, shi da matarsa su shekara suna kallon rumbu wayam.

Ana cikin haka wata mota ta iso daga Yamai da wani likita matashi. Ɗan ƙasa ne, amma ya daɗe a ƙasar waje wurin karatu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya zo da gwangwani biyu manya, an rubuta ɗaya a jikin guda, biyu a jikin ɗayan. Ya nemi a samo masa mutum mai kyan rubutu wanda ba ruwansa da ba da magani. Da yake a garin masu kyan rubutu ba su cika tabarma guda ba, sai aka aiko gardi, wato dogarin kumandan, ya kira ni.

A lokacin gidan likitanmu ba shi da likita na sosai. Majo ke riƙe da shi, wato babban mai jinya, dattijo mai ƙiba da farar riga wadda ba ta rufuwa a ciki. Ya yi aiki ƙarƙashin Turawa shekara da shekaru, ya iya allura, ya iya ɗinki, ya iya tsawa. Mutane suna kiransa likita, bai taɓa gyara masu ba.

Matashin ya zaunar da mu ya yi bayani da Faransanci mai santsi. Ya ce ana zaton an samu ƙwayar da ke sa kurkunu ta fito da wuri, amma ba a tabbata ba, shi ya sa za a gwada. Gwangwani guda magani ne, guda kuma ba komai ba ne, gari ne kawai aka dunƙule. Wanda ya fara zuwa a ba shi na ɗaya, mai bi masa na biyu, na uku a koma na ɗaya, haka har su ƙare, ba zaɓe, ba duban fuska. Ni in rubuta suna da gari da lambar gwangwani cikin kaye, wato littafin rajista. Bayan damina zai dawo a ga waɗanda suka fi saurin miƙewa.

Majo ya ce, "To wanne ne maganin?"

Matashin ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar da yake jira. Ya ce shi kansa bai sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne dukan hikimar.

Sai da ya sa ƙafa guda cikin mota sannan ya tuna. Ya juyo ya ce, af, a gaya wa mutane gwaji ne, wanda ba ya so ya tafi abinsa. Ya faɗi haka kamar mai cewa a rufe taga in za a tashi. Mota ta tafi.

Majo ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya tofar da yawu.

"Ka ji ko, Mushe? Likita, wai bai san abin da ke cikin gwangwaninsa ba. Ko mai tallan ƙosai ta san mi ta soya."

Ya buɗe na ɗaya, ya ɗauki ƙwaya ya lasa. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya buɗe na biyu, ya lasa, ya tauna, ya miƙo mini sauran.

"Wanga alli ne. Kai shi lakwal ka yi rubutu."

Shi ke nan. Abin da masana suka zauna a wata ƙasa mai sanyi suka ɓoye da dabara, harshen Majo ya yanke masa hukunci kafin ƙurar motar ta kwanta. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani, a wurinsa da wurin duk garin magani mai ɗaci shi ne magani.

Na ce, "Majo, maganar gaya wa mutane fa?"

"In gaya masu mi? In ce bawan Allah, ka yini bisa jaki da ƙafa tana ruwa, ga alli ka sha? Tun wancan yaron na goye nike duba marasa lafiya. Gwaji na wanda bai san aikinsa ba ne. Ka ce gwamnati ta aiko da magani, ka tsaya nan."

A maganarsa ta farko akwai gaskiya, kuma na ɗauka daga nan zai ce ba zai ba kowa allin ba. Ashe ba can ya nufa ba. Tunda dole rabin mutane su sha alli, in ji shi, sai a duba rabin da ba su da bakin kai ƙara.

Bai karya doka ba, wannan ya sha nanatawa. Takarda ta ce na farko ɗaya, na biyu biyu. Takarda ba ta ce wa zai zama na farko ba. A garinmu kuwa wannan tambaya ba a taɓa barin ta a hannun safiya ba: mai daraja in ya zo da la'asar, shi ya riga wanda ya kwana a ƙofa. Matsala guda ce kawai. In manya biyu suka zo a jere, na biyun zai faɗa kan alli. Dole a sa wani a tsakaninsu.

Cikin kwana biyu sirrin ya zaga duk gidajen da ke da zaure mai ƙofar ƙarfe, bai kuma tsallaka zuwa ƙauyuka ba. Da ma babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Sai kalmar ta samu sabon aiki. Duk mai son na ɗaya sai ya zo da mai kurkunun da zai shiga bayansa ya cike gurbin na biyu. Ƴan kasuwar hatsi suka riƙa zuwa da masu yi masu ƙwadago. Matar wani mai faɗa a ji ta zo da tsohuwar da ke yi mata daka. Wanda bai da nasa, sai ya fita ƙofa ya zaɓa, don a gindin gawon da ke wurin, wanda kamar kowane gawo ya zubar da ganyensa daidai lokacin da ake son inuwarsa, mutanen ƙauye da makiyaya na nan zube suna jiran a kira su. Ana duba su kamar yadda ake duba awaki ranar kasuwa, sai dai a nan mai rauni ake nema.

Har waɗanda ba su da kurkunu suka fara zuwa, don sun ji ana rabon abu mai ƙarfi. Na tuna wani attajiri mai ciwon baya. Majo ya ɗaga masa wando, ya samu cizon sauro a ƙwauri, ya danna shi da yatsa.

"Ga ta nan, Alhaji, tana shirin fitowa. Allah ya sa ka zo da wuri. Mushe, rubuta."

Na rubuta. Wannan bawan Allah ya warke daga kurkunu cikin kwana biyu, abin da ba a taɓa ji ba tun da aka halicci tabki. Da yamma aka kai zabi biyu gidan Majo.

Ni dai ina zaune a tebur, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, da rubutun nan nawa mai kwanciya wanda ake nuna wa yara su kwaikwaya. Ina jin ƙyamar abin kamar yadda ake jin ƙyamar ƙuda a miya, amma ban ture kwanon ba. Na gaya wa kaina ni marubuci ne kawai. Mutum mai ilimi yana da wannan gata: duk abin da ya yi, yana da sunan da zai kira shi da shi.

Rana ta shida matar kawu, wadda nake kira Inna, ta aiko cewa haki ya kai idon sawu. Na ari jaki na tafi da asuba na ɗauko shi. Ya rame, ƙafafunsa an shafe su da man shanu, kowace da tsinkenta ɗaure da tsumma. Duk hanya yana tsokanata.

"Mushe, cikin karatun nan naka ba a koya maku addu'ar da ke kashe haki ba?"

"Ba mu kai wurin ba, Kawu."

"To mi kuke yi shekara goma?"

Da muka iso na bar shi a inuwar bango na shiga wurin Majo. Na ce kawuna ne, shi ya raine ni, gonarsa na hanyar lalacewa.

"Madalla. Ina ɗan rakiyarsa?"

"Haba Majo, ni ne fa mai kaye."

"To rubuta kanka a na biyu, in kana da kurkunu. In ba ka da ita, fita ka samo. Doka doka ce, Mushe, kai ka fi ni karanta ta."

Na fita. Ina so in ce na yi jinkiri, amma ban yi ba. Na nufi gindin gawo na tsaya ina dubawa, kamar yadda na ga wasu na yi na raina su. Idona ya faɗa kan wani makiyayi daga wajen Tagriss, dogo, ya yagi gefen rawaninsa ya ɗaure ƙafa. Tasa ta tsinke a ciki. Ƙudaje sun rufe tsumman har ba a gane launinsa. Na tambaye shi tun yaushe yake nan.

"Kwana uku, Mushe. Sun ce sai an kira. Dabbobi na can wurin matata, ƴan uwa sun yi arewa sun bar mu."

Na ce, "Taso, na yi maka hanya."

Da waɗannan kalmomi na faɗa masa. Ya dafa sandarsa ya miƙe, yana sa mini albarka tun daga gindin itacen har ƙofa. A bakin ƙofar kawu ya dube shi, ya dubi ƙafarsa, ya ja baya.

"Ɗana, wanga bawan Allah ya riga ni zuwa, kuma tasa ta fi tawa lalacewa. Bari ya shiga."

"Kawu, shiga dai."

"Ba kyau."

"Haka tsarin likita yake. Shiga."

Da ya ji an ce likita sai ya shiga. Majo ya ƙirga masa ƙwayoyin sati guda daga gwangwani na ɗaya cikin ƴar takarda. Ya ƙirga wa makiyayin daga na biyu, bai ko kwance tsumman ya duba ba. Na rubuta su a jere, layi na bin layi.

Da za su tafi makiyayin ya kwance jakar fatarsa ya ciro cuku guda biyu, busasshe, irin wanda suke ajiyewa don tafiya mai nisa, ya danƙa mini a hannu. Na ce ya bar shi. Ya ce in na ƙi, na ƙi shi ne. Na karɓa. Na kai gida, aka daka shi cikin fura, na sha. Ya yi daɗi, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ban sake ganin mutumin ba, ban kuma san abin da ya faru da ƙafarsa ba.

Ba ni kaɗai ban sani ba. Da damina ta ja baya aka zo cike gurbin ƙarshe na kaye, inda za a ce wane ya warke, a kwana nawa. Mutanen gwangwani na biyu sun koma dajinsu da ƙauyukansu, babu wanda ya bi sawunsu. Majo ya zauna a kujerarsa, ni ina karanto suna yana yanke hukunci. In na karanto na biyu wanda bai dawo ba:

"Bai warke ba. Da ya warke da ya dawo godiya."

In na karanto na ɗaya wanda bai dawo ba:

"Ya warke. Mai lafiya mi zai dawo yi gidan likita?"

Na ɗago kai na dube shi, ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Yana sakace haƙori.

Kawu kuwa ya miƙe. Inna ta yi ta naɗin tsinke safe da yamma da haƙurin da ban gada ba, ta ƙafar dama ta fito, bayan ƴan kwanaki ta hagu ta biyo. Ana saura kaɗan sati uku su cika ya ɗauki hauya yana ɗingishi. Ya ceto rabin gonar da ke kusa da gida, rabin can ƙarangiya ta gaje shi. Ba yalwa ba ce, amma da waken da Inna ta zuba a tsakani, sun ga hanyar kaiwa wata damina. Na riƙe wannan a raina na danne maganar makiyayin da shi. Na ce ko ba komai, ƙazantar da na taɓa ta yi amfani.

Bayan girbi motar Yamai ta dawo. Likita matashi ya buɗe kaye, ya bi shi da yatsa, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ba kure ko guda. Fuskarsa ta washe. Ya ce ya zaga wurare da dama bai ga inda aka kiyaye tsari kamar Dakoro ba. Ya yaba rubutuna. Bai tambayi dalilin da ya sa duk Alhazan garin suka faɗa gefe guda ba, bai tambayi yadda aka san labarin mutumin da ke can daji, tafiyar kwana huɗu, ba, bai kuma tambaya ko an gaya wa kowa gwaji ne ba. Tambaya guda ya yi mini.

"An bi layi?"

Na ce, "An bi." Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa faɗar gaskiyar da ta kai wannan wari ba.

Ya ce zai so ya ga mutum guda da idonsa, don ya sa a rahoto. Majo ba wawa ba ne, ya san ba a nuna cizon sauro. Tun kwana biyu kafin nan ya sa na aika a kira kawu: manomi na gaske, kurkunu biyu na gaske, tabo biyu da ake iya taɓawa. Kawu ya zo cikin rigarsa ta Juma'a. Aka ɗora ƙafarsa kan benci, likita ya duƙa ya auna tabon, ya tambayi kwanakin, ya rubuta shafi guda cur a kansa. Ya ce irin wannan shaida ita ke sa manya su saurara. Majo na tsaye a baya, hannu a kan ciki, kamar shi ya haifi ƙwayar.

Da likitan zai miƙe sai ya ga wata ƴar laya ta jar fata ɗaure a saman idon sawun kawu. Ya taɓa ta da bakin alƙalami, ya girgiza kai, ya yi ƴar lacca a kan duhun kai da aikin da ke gaban ƙasa. Ya ce in gaya wa tsohon, yanzu da ya ga aikin magani na gaskiya, ya kwance wannan tarkace ya yar.

Ban fassara a wurin ba. Sai da na rako kawu bakin kasuwa, inda ya ɗaure jakinsa, sannan na gaya masa, da ɗan sassautawa.

Ya tsaya da igiya a hannu.

"In yar? Shi da kansa ya ce in yar da maganinsa?"

"Layar yake nufi, Kawu."

"To ai shi ne. Abin da ka sha wannan wahala ka samo mini, wanda sai Alhazai ake ba, in haɗiye shi ya ƙare cikin sati guda? Ranar da muka koma na kai wa baduku ya ɗinke mini shi."

Na duƙa na latsa fatar da yatsa. Ƙwayoyin na ciki, suna motsi. Bai sha ko ɗaya ba.